Yadda Ake Amfani da Tsirrai Wajen Kare Abinci Daga Fumfuna Mai Guba

Ba kowace fumfuna ce ke zuba guba a abinci ba, amma wadda ke zubawa ba ta da wata alamar da ido zai gane ta da ita. Hatsi zai iya zama fes, babu wari, launinsa bai sauya ba, alhali yana ɗauke da gubar da ta wuce abin da hanta za ta iya jurewa. Wadda aka fi sani cikin waɗannan gubobi ita ce aflatoksin. Fumfuna iri biyu ke samar da ita, Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, kuma sun fi kama masara, gyaɗa, irin auduga, busassun 'ya'yan itatuwa da kayan yaji. A 1960 aka farga da ita, lokacin da 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 daga cikinsu suka rasu, sanadin masarar da aka ajiye ba ta gama bushewa ba. Wanda ya daɗe yana cin ta kaɗan-kaɗan ba ya faɗuwa nan take, amma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, kuma haɗarin ya ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Tana da 'yan'uwa. Fumonisin na fitowa daga fumfunar Fusarium a jikin masara. Okratoksin, wadda ke taɓa ƙoda, ana samun ta a alkama, kofi da busasshen inabi. Fatulin kuwa tana cikin ruɓaɓɓen tuffa da ruwan da aka matse daga gare shi. Abin da ya haɗa su shi ne taurin kai a gaban wuta. Ruwa na tafasa a digiri 100, aflatoksin kuwa sai zafi ya haura digiri 230 take fara rushewa. Dafuwa na kashe fumfunar, ta bar gubar a tukunya.

Saboda haka tun kafin a taɓa ganye ko ɓawo, a riƙe abu guda: tsiro mai gadi ne. Yana hana ɓarawo shiga, ko ya rage masa ɓarna, amma ba ya dawo da abin da aka riga aka sace. Kanumfari ko kirfa ba za su tsarkake hatsin da gubar ta riga ta shiga ba. Duk abin da ke tafe a kan tsare lafiyayyen abinci yake.

Me tsiron ke yi wa fumfuna?

Ƙamshin kanumfari, yajin tafarnuwa da ɗacin darbejiya makaman da tsirran ke kare kansu da su ne. Yawancin waɗannan sinadarai suna narkewa a cikin kitse, fatar da ta lulluɓe ƙwayar halittar fumfuna kuwa da kitse aka gina ta. Idan suka shige ta sai su sassauta ta, abin da ke ciki ya dinga yoyo, fumfunar ta kasa miƙa zarurrukanta. Wasu suna hana ta haɗa agosterol, wato sinadarin da ke riƙe wannan fata. Hanya ta farko ke nan, hana girma.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa. Fumfuna ba ta yin aflatoksin kullum. Akwai jerin ƙwayoyin gado da sai an kunna su take fara haɗa gubar, kuma wasu sinadaran tsirrai suna danne wannan makunni ko da fumfunar na raye. A 1988 masu bincike biyu a Amurka, Bhatnagar da McCormick, sun nuna cewa tsimin ganyen darbejiya na hana Aspergillus parasiticus haɗa aflatoksin ba tare da ya hana ta girma sosai ba. Ashe ana iya ganin fumfuna guba ta yi ƙasa, kamar yadda ake iya rasa ganin ta guba na nan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Idan adadin da aka sa bai kai na hana fumfuna ba, sai dai ya takura mata, wani lokaci takurar kan sa ta ƙara zuba guba. An ga haka a gwaje-gwaje da dama. Barbaɗa ɗan kanumfari a bakin buhu don samun kwanciyar hankali ba dabara ba ce. Ko a sa isasshe, ko a bari.

Mataki na farko: busarwa da tsincewa

Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi asarar duk kayan ƙamshin da zai zuba. Fumfuna ruwa take bi. Masara da dawa a busar da su har danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, shinkafa mai ƙaiƙayi 13 zuwa 14, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7, domin mai ya cinye kusan rabin nauyinta, ɗan ruwan da ya rage kuwa yana taruwa a sauran rabin. Aspergillus flavus ta fi sakewa a ɗumi, wajejen digiri 25 zuwa 35, kuma kwanakin farko bayan girbi su ne mafi haɗari. Kada a tara jiƙaƙƙen amfani a tsibi ya kwana yana gumi. A baza shi da wuri, a kan tamfol, tabarma ko daɓen siminti, ba a kan tsurar ƙasa ba, domin a cikin ƙasa wannan fumfuna take zaune. A dinga juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka.

In akwai na'urar auna danshi, ita ce alƙali. In babu, ga gwajin gishiri. Ka soya gishiri a busasshiyar tukunya ko ka shanya shi ya bushe ƙarau. Ka zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba kamar sulusinta, ka ƙara gishirin cokali biyu ko uku, ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka bar ta ta huta kwata na awa, ka sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, danshin ya haura kashi 15, a koma shanya. Idan bai manne ba, ka ƙara wa hatsin yini guda a rana duk da haka, domin gwajin bai isa ya bambance 15 da 13 ba.

Sai tsincewa. Gubar ba ta bazuwa daidai-wa-daida a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawanta: fasassu, motsattsu, waɗanda ƙwari suka huda, masu baƙi ko kore-kore, da waɗanda suka fi sauran rashin nauyi. A sheƙe, a bakace, sannan a zauna a tsince da hannu. Aiki ne mai cin rai, amma a ganina babu wani tsiro da zai rage guba kamar yadda awa biyu na tsincewa za su rage ta.

A lura kuma da cewa Fusarium tun a gona take yin aikinta, lokacin da masara ke da ruwa sosai. Abin da za a sa a rumbu ba zai taɓa fumonisin da ta zo daga gona ba. Wannan sai girbi a kan lokaci da yaƙar tsutsar da ke huda zangarniya. Ita ma aflatoksin takan fara tun a gona idan fari ya takura shuka, shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA ta samar da Aflasafe, wani nau'in fumfunar da ba ya yin guba, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure don ya rigaye mai gubar kama wuri.

Mataki na biyu: zaɓen tsiro

Idan aka jera tsirran da aka gwada, guda huɗu ne ke yawan fitowa a gaba: kanumfari, kirfa, da ganyayen ƙamshin girki guda biyu, tayim da oregano. Ƙarfin kanumfari na cikin yujinol, wanda ya kai kashi 70 zuwa 90 na mansa. Na kirfa sinamaldehaid ne, na tayim taimol, na oregano kabakrol. Tun a 1977 Bullerman da abokan aikinsa a Jami'ar Nebraska suka nuna cewa man kanumfari da na kirfa, a adadin miligiram 200 zuwa 250 cikin lita ɗaya ta abincin da ake renon fumfuna a ɗakin gwaji, na danne girmanta da gubarta. Wato kusan rubu'in mililita a lita. Kada wannan ƙaramin adadi ya ruɗe ka, za mu dawo kansa.

Bayan waɗannan akwai ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da ake dafa shayi da ita, mai ɗauke da sitral. Tana da sauƙin nomawa, tururinta kuma na aiki sosai. Akwai ɗoɗɗoya, wadda wasu nau'o'inta ke da yujinol irin na kanumfari. Citta, kurkum da habbatus sauda suna taimakawa, sai dai ƙarfinsu bai kai na huɗun farko ba.

Tafarnuwa na da ƙarfi amma ba ta da juriya. Sinadarinta, alisin, ba ya samuwa sai an daka ta, kuma yana lalacewa cikin ɗan lokaci, musamman a zafi. Ga shi ɗanyarta ruwa ce. Ta dace da abin da za a ci kwanan nan, ba da ajiyar watanni ba.

Mustad, tsiro mai ƙananan ƙwayoyi masu yaji, na da nasa sirrin. Idan aka niƙa ƙwayarsa aka jiƙa da ɗan ruwan sanyi, yana sakin wani tururi mai hawa kai wanda ke cikin mafi ƙarfi a kan fumfuna. Baƙi ko ruwan ƙasa ake nema, domin yajin farin mustad ba ya tashi a iska. Ruwan zafi kuma yana kashe sinadarin da ke sakin tururin.

Darbejiya riba biyu gare ta: tana rage haɗa guba, tana kuma korar ƙwarin hatsi, waɗanda su ne ke huda ƙwaya su buɗe wa fumfuna ƙofa, numfashinsu kuma ya ƙara ɗumi da danshi a buhu. Busasshen ganyenta ake nufi. Man 'ya'yanta kada ya kusanci abin da za a ci, domin an sha samun ƙananan yaran da ya taɓa wa ƙwaƙwalwa bayan sun sha shi.

Kowane ka zaɓa, ka duba lafiyarsa tukun. Kayan yaji su ma fumfuna na kama su, kuma ana samun aflatoksin a citta, kurkum da barkono. Ka sayi gudaje, ba niƙaƙƙe ba, ka karya ka duba ciki, ka niƙa da kanka. Kanumfarin kirki idan ka danna shi da farce za ka ga alamar mai. Wanda ya bushe ya rasa ƙamshi, an riga an tatse shi ko ya tsufa.

Mataki na uku: fitar da abin da ake nema

Hanyoyi huɗu ne, kuma ba duka suka dace da kowane abinci ba.

Mafi sauƙi shi ne gari. A busar da ganye ko ɓawo a inuwa mai iska, ba a tsakiyar rana ba, domin rana na kwashe man da ake nema. Idan ganye ya fara karyewa a hannu ya bushe. A daka ranar da za a yi amfani da shi, saboda da zarar an niƙa ƙamshi ya fara guduwa. Falalar gari ita ce ba ya ƙara wa abinci ko ɗigon ruwa.

Na biyu tsimin ruwa. Giram 100 na gari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a rufe, a bar shi awa 24 ana motsawa lokaci-lokaci, a tace da ƙyalle mai laushi, a yi amfani da shi a ranar ko washegari, domin shi kansa yana lalacewa. Ga shawarata a nan, kuma da gaske nake: kada ka fesa tsimin ruwa a kan busasshen hatsi. Ka sha wahalar fitar da ruwa, sai ka mayar da shi da hannunka? Ruwa ma ba ya jawo yawancin sinadaran nan sosai, tun da a kitse suke narkewa. Amfanin tsimi shi ne wanke buhuna, kwanduna, katakon ɗora kaya, bango da daɓen ɗakin ajiya, sannan a bar su su bushe sarai kafin a zuba kaya. Ana kuma tsoma ɗanyun 'ya'yan itatuwa a ciki na 'yan mintuna, a tsane su a iska.

Na uku tsimin itanol, wato sinadarin alkohol, wanda ya fi dacewa da masu ƙananan masana'antu da ɗalibai. Kashi ɗaya na gari, kashi biyar zuwa goma na itanol mai ƙarfin 70 cikin 100, a kwalbar gilashi a rufe, kwana biyu zuwa uku a wuri mai duhu, ana girgizawa. A tace, a bar itanol ɗin ya tashi a wuri mai iska, nesa da wuta, zafin kada ya wuce digiri 50. Abin da ya rage mai kauri shi ne maganin. Itanol mai darajar abinci kaɗai ya halatta a wannan aiki. Metanol da sifirit ɗin kunna wuta guba ne, suna makantarwa, suna kisa.

Na huɗu shi ne mai, wanda ake tatsa ta tururi. Ana tafasa ruwa a ƙarƙashin tsiron, tururi ya ratsa shi ya ɗauko man, ya bi ta bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi, ya koma ruwa ya ɗiga a mazubi. Awa uku zuwa huɗu ya isa. Yawancin mayukan suna tasowa saman ruwa, amma na kanumfari da na ɓawon kirfa sun fi ruwa nauyi, ƙasa suke kwantawa, kada ka zubar da su da sunan dauɗa. Kanumfari na da albarka, yakan ba da mai kashi 15 zuwa 20 na nauyinsa, ganyaye kuwa da ƙyar su wuce kashi 1 ko 2. A ajiye man a kwalbar gilashi mai duhu, a toshe sosai, domin yana cin wasu robobi, haske kuma na lalata shi. In saya za ka yi, ka nemi tsantsarsa mai ɗauke da sunan tsiron, ba man turare ba. Ka ɗiga a farar takarda: in bayan ya bushe ya bar tabon maiƙo, an gauraya shi da man girki.

Mataki na huɗu: gwaji a kwalabe

Nan ne mutane suka fi gajen haƙuri, nan ne kuma aikin yake. Adadin da ya yi aiki a ɗakin gwaji ba ya yin aiki haka nan a abinci na gaske. Kitse da furotin da ke cikin abinci na shanye man su ɓoye shi, fumfuna kuma na samun mafaka a tsagar ƙwaya. Sau da yawa sai an ninka adadin ninki masu yawa, musamman a gyaɗa da sauran masu maiƙo. Ƙarfin tsiron kansa ya danganta da inda ya fito, lokacin da aka cire shi da daɗewarsa a ajiye. Babu wani adadi guda da zai dace da kowa, don haka kowa ya auna nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi wannan gwaji wata guda ko biyu kafin lokacin ajiya.

Ka samu kwalaben gilashi takwas masu cin lita ɗaya, ka wanke, ka tafasa, ka busar. Kowace ka zuba mata giram 200 na abincin da kake son karewa, daga buhu ɗaya. Biyu ka bar su haka nan babu magani, su ne ma'auninka. In gari kake gwadawa, biyu ka sa musu giram 1, biyu giram 2, biyu giram 4, wato rabin kashi, kashi 1 da kashi 2 cikin 100. In mai ne, ka ɗiga shi a 'yar auduga ka maƙala a cikin murfi yadda ba zai taɓa abincin ba: ɗigo 1, ɗigo 2, ɗigo 4. Ɗigo 20 kusan mililita ɗaya ne. Waɗannan matakan farawa ne kawai, in duk sun gaza sai a hau sama.

Don a tsokano fumfunar, ka sa jiƙaƙƙiyar auduga a cikin wani ƙaramin murfi ka ajiye a saman hatsin kowace kwalba, ruwan kada ya zuba. Ka rufe, ka rubuta kwanan wata da adadi a jikin kowace, ka ajiye su wuri ɗaya mai ɗumi. Ka dinga leƙawa ta jikin gilashi duk bayan kwana biyu har mako uku, kana rubuta ranar da fumfuna ta fara bayyana a kowace. In kwalaben da ba su da magani ba su yi fumfuna ba, gwajin bai faɗa maka komai ba, ka ƙara danshi ka sake. In sun yi, adadin da za ka ɗauka shi ne mafi ƙanƙantar da kwalabensa biyu suka fita fes. Wanda ya jinkirta fumfuna na 'yan kwanaki kawai bai ci jarrabawa ba, shi ne ma irin rabin adadin da aka yi gargaɗi a kansa.

Kada ka buɗe kwalbar da ta yi fumfuna a cikin ɗaki, kada ka shinshina. Ƙurar Aspergillus na cutar da huhu, musamman ga mai asma ko raunin garkuwar jiki. A waje za ka buɗe, hanci a rufe, ka zuba ruwan bilic ya kwana, sannan ka binne abin da ke ciki.

Sauran gwaji biyu ƙanana. Ka dafa ɗan abincin da aka sa wa adadin da ka zaɓa, daga sabon hatsi ba na kwalaben gwaji ba, a ɗanɗana. In masu ci sun ƙi shi, maganin bai yi amfani ba ko da ya kori fumfuna. In kuma iri ne na shuka, ka ƙirga ƙwaya 100 da aka sa wa magani da 100 da ba a sa wa ba, ka tsirar da su a jiƙaƙƙen ƙyalle ka kwatanta, domin mai mai yawa na rage tsiro.

Mataki na biyar: sanyawa a ajiya

Idan lissafi ya koma kan buhu, za ka ga kashi 1 cikin 100 na buhu mai kilo 50 rabin kilo ne na gari. Ga ganyen da kake nomawa wannan ba komai ba ne, ga kanumfari kuwa abu ne mai yawa, kuma ɗanɗanonsa zai mamaye abincin. Shi ya sa na fi karkata ga tururi. Fumfuna a saman ƙwaya take yaɗuwa, inda iska ke ratsawa, tururin man kuwa na bin duk inda iska ta bi, ya kai inda gari ba ya kaiwa, kuma abin da ke shiga cikin abincin kaɗan ne.

Ka ɗinka 'yan jakunkuna na yadi mara kauri. Ka zuba musu gari, ko auduga mai ɗauke da adadin man da gwajinka ya nuna, bisa lissafin girman mazubin. Kada ka tara su wuri ɗaya: ɗaya a ƙasa, biyu ko uku a tsakiya, ɗaya a sama. In ganyen darbejiya ne, a shimfiɗa shi hawa-hawa tsakanin hatsi, a sheƙe shi kafin niƙa. In mustad ne, jiƙaƙƙen garin ya zauna cikin ƙaramin kofi ko leda mai ƙananan huji a saman kayan, ba ya taɓa su.

Tururi ba ya zama sai an tsare shi. A buhun da iska ke ratsawa ƙamshin kan gudu cikin 'yan makonni. Abin da ya dace shi ne mazubin da ba ya shan iska: durom mai murfi da roba, kwalba, ko buhu mai ruɓi uku irin na PICS da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A irin wannan mazubi numfashin ƙwari da na hatsin kansa na cinye iskar oksijin, ƙwari su mutu, fumfuna ta rasa abin shaƙa, tururin kuma ya zauna. Haɗuwar bushewa, rashin iska da tsiro ita ce ke ba da sakamakon da ɗayansu shi kaɗai ba ya bayarwa. Amma jiƙaƙƙen hatsi in aka toshe shi tsami zai yi ya ruɓe.

Ɗakin ajiyar ma da nasa haƙƙin. A share tsohon hatsi da ƙura kafin a shigo da sabo. Buhuna su hau katako, a bar tazarar kamu biyu tsakaninsu da bango, rufi kada ya yi yoyo, danshin iskar ɗakin ya tsaya ƙasa da kashi 70. Durom na ƙarfe kada rana ta dinga dukansa, domin zafin rana da sanyin dare na sa gumi ya taru a jikinsa ta ciki, daga nan fumfuna ke farawa. Buhun da ya fara shiga ɗakin shi zai fara fita.

Ga burodi, busassun 'ya'yan itatuwa da makamantansu dabarar ɗaya ce a ƙaramin sikeli: 'yar takarda mai ɗigon man kirfa ko mustad a cikin ledar, ba ta taɓa abincin. Masana'antu kan kulle man a cikin kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ko a cikin wani nau'in sitaci, don ya dinga fita sannu a hankali na tsawon lokaci.

Bibiya, da lafiyar mai ci

A mazubin da ke shan iska, ka duba duk mako biyu. Ka cusa hannu har tsakiya: ɗumi, dunƙulewa, warin rima ko motsin ƙwari duk alamu ne na a fitar a sake shanyawa a tsince. In ƙamshin jakunkunan ya dushe, a sabunta. Mazubin da aka toshe kuwa a bar shi a toshe, duk buɗewa na shigar da sabuwar iska. Abin ci na yau da kullum a ware shi daban.

Kasancewar abu daga tsiro bai sa ya zama mara illa ba. Kwamitin masana na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙayyade yujinol a miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato miligiram 150 ga mai kilo 60. Kirfar kasiya, wadda ta fi yawa a kasuwannin duniya, na ɗauke da kumarin mai wahalar da hanta, kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 15 ke nan miligiram 1.5 kacal. Tsantsar man na ƙona fata da ido, a sa safar hannu, a kuma ɓoye kwalbar inda yara ba sa kaiwa, domin ɗan kaɗan na man kanumfari ya isa ya lalata hantar ƙaramin yaro. Abincin jarirai da na masu juna biyu ya fi kyau a tsare shi da bushewa da toshewa kawai.

Ido da hanci ba sa auna guba. Tarayyar Turai ta sa iyakar jimillar aflatoksin a maikrogiram 4 cikin kilo ga gyaɗa da hatsin da za a ci kai tsaye, Amurka kuma 20. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Duk mai sayarwa da yawa, ko mai haɗa abincin yara ko na dabbobi, ya kamata ya gwada kayansa. Akwai 'yan tsinkayen gwaji da ke ba da amsa cikin mintuna, akwai kuma ɗakunan gwaje-gwaje masu na'urorin da ke ba da adadi daidai. Wajen ɗibar samfur a ɗebo daga buhuna da yawa, sama, tsakiya da ƙasa, a haɗa a niƙa tare, tun da gubar a 'yan ƙwayoyi take ɓuya.

Abin da aka tsince, da duk buhun da fumfuna ta ci, kada a wanke shi a mayar tukunya, kada a niƙa shi a gauraya da mai kyau, kada kuma a zuba wa dabbobi. Saniyar da ta ci aflatoksin tana fitar da wani nau'inta a cikin madara, wanda tafasawa ba ta kawar da shi, kaji da agwagi kuwa suna daina girma da ƙwai, wasu su mutu. A ƙona shi, ko a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, sannan a wanke buhun da wurin da ya zauna a shanya su kafin wani kaya ya shiga.